ABU NASRI ALFARABI: MALAMIN DA YA NEMI MAƊAURI ƊAYA GA DUKKAN ILMI

 

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a zaure gaban malami ya san yadda karatu yake a rarrabe. Da safe a ɗauki Fiƙihu, da hantsi a ɗauki Nahawu, bayan La'asar a shiga Tafsiri ko Hadisi, kowane fanni da littattafansa da ma'abotansa. Ɗan makarantar boko ma haka abin yake a gare shi, Lissafi daban, Tarihi daban, Kimiyya daban. To, akwai wata tambaya da takan faɗo a zuciyar ɗalibi mai zurfin tunani. Tun da Mahaliccin abubuwa duka ɗaya ne, ashe ba za a sami wata ƙa'ida guda mai sauƙi ba wadda ta tattara waɗannan fannoni, kamar yadda maɗauri ɗaya yake riƙe da tsintsiya? A wannan mako za mu kawo muku tarihin wani malami wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan wannan tambaya, ya rasu fiye da shekara dubu da ta wuce, amma har yanzu ana amfana da inda ya dace, ana kuma jan kunnen ɗalibai game da inda ya zame. Shi ne Abu Nasri Muhammadu ɗan Muhammadu Alfarabi, wanda masana falsafa suka yi wa laƙabi da Malami na Biyu, watau wanda ba kowa a gabansa a fannin manɗiƙi sai Aristo, malamin Yunanawa.

ASALINSA DA ZUWANSA BAGADAZA

An haifi Alfarabi a wajejen shekara ta 257 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 870 ta Miladiyya. Masana tarihi sun sassaɓa a kan garin haihuwarsa. Ibn Hallikan ya ce Baturke ne daga yankin Farab, a bakin kogin Saihun wanda a yau ake kira Sir Darya, cikin ƙasar Kazakistan ta yanzu. Ibn Nadim kuwa, wanda ya fi kusa da zamaninsa, ya danganta shi da Faryab ta ƙasar Hurasan, wadda take cikin Afganistan ta yau. Ibn Abi Usaibi'a ya ce mahaifinsa shugaban sojoji ne, asalinsa Bafarishe. Abin da kowa ya haɗu a kai shi ne, mutumin gabas ne, ba Balarabe ba, kuma a Bagadaza ya yi mafi yawan karatunsa da koyarwarsa.

Bagadaza ta wannan lokaci ita ce cibiyar ilmi ta duniyar Musulunci. A cikinta Imamu Ɗabari mai Tafsiri da Tarihi ya zauna har ya rasu a shekarar 923, a cikinta kuma Imamu Abul Hasan Al'ash'ari ya ƙare kwanakinsa. Ban da haka, tun zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, aka duƙufa wajen juya littattafan Yunanawa zuwa Larabci, na magani da lissafi da falaki da falsafa. Mafi yawan masu wannan aiki Kiristoci ne masu jin harshen Suryananci, irin su Hunainu ɗan Ishaƙa. Sa'ad da Alfarabi ya iso, littattafan sun taru jibgi, amma ba su sami wanda ya jera su ya nuna wa ɗalibi inda zai fara da inda zai tsaya ba.

Alfarabi bai ƙi ɗaukar ilmi daga wanda ba addininsu ɗaya ba. Malaminsa na manɗiƙi wani Kirista ne mai suna Yuhanna ɗan Hailan, wanda ya rasu a Bagadaza zamanin Halifa Muƙtadir. Alfarabi da kansa ya ba da labarin cewa a dā malaman Kirista sukan tsaya a wani wuri cikin littattafan manɗiƙi na Aristo ba su ƙetare ba, amma shi ya ci gaba da karatu a gaban Yuhanna har ƙarshen Littafin Burhani, watau littafin da yake bayanin hujja yankakkiya wadda ba ta barin shakka. An kuma rawaito cewa ya karanci Nahawu a wurin Abubakar Ibn Sarraj, babban masanin Larabci na lokacin, shi kuma Ibn Sarraj yana ɗaukar manɗiƙi a wurinsa. Kowa malami, kowa ɗalibi.

RIGIMAR NAHAWU DA MANƊIƘI

A wajejen shekarar 932 aka yi wata muƙabala mashahuriya a majalisar Waziri Ibn Furat. A gefe guda ga Abu Bishri Matta ɗan Yunusa, shugaban masana manɗiƙi na Bagadaza, a ɗaya gefen ga Abu Sa'idu Sirafi, masanin Nahawu. Matta ya tsaya a kan cewa manɗiƙi shi ne ma'aunin da ake gane ingantacciyar magana daga ɓatacciya. Sirafi ya mayar masa da cewa manɗiƙin nan nahawun Yunanawa ne kawai aka sa wa rigar Larabci, kuma wanda bai ƙware a harshen da yake magana da shi ba, ba shi da bakin koya wa mutane tunani. Ya yi ta jefa wa Matta tambayoyi a kan harufan Larabci, Matta ya kasa amsawa. Jama'ar majalisa suka tashi a kan cewa Sirafi ya yi rinjaye.

Wannan ƙalubale shi ne Alfarabi ya fuskanta a rubuce-rubucensa, kuma ya fi Matta shiri, domin shi ya san fannonin biyu. Ya bayyana cewa matsayin manɗiƙi ga hankali kamar matsayin Nahawu ne ga harshe, ko matsayin Aruli ga waƙa. Bambancinsu shi ne, Nahawu na al'umma guda ne, manɗiƙi kuwa na 'yan Adam ne duka. Mu ɗauki misali daga harshenmu. Bahaushe yakan ce ya zo, zai zo, yana zuwa, kalmar aiki tana nan kusan yadda take, ɗan wakilin sunan da ke gabanta shi ke nuna lokaci. Balarabe kuwa jikin kalmar aikin yake sauyawa. Wannan dokar harshe ce, kowa da tasa. Amma cewa abu ɗaya ba ya kasancewa akwai shi kuma babu shi a lokaci guda ta fuska guda, wannan doka ce da ta hau kan Bahaushe da Balarabe da Bayunane daidai wa daida. A nan Alfarabi ya ga ya kama bakin zaren. In dai akwai dokokin tunani da suka game dukkan mutane, to lalle su ne za su zama ma'auni ga dukkan ilmi.

Ya ƙara da cewa hanyoyin da ake shigar da magana cikin zuciyar mutum guda biyar ne. Akwai burhani, hujjar da ke haifar da yaƙini. Akwai jadali, watau jayayya da abin da abokin magana ya riga ya yarda da shi. Akwai safsaɗa, hujjar ƙarya mai kama da gaskiya. Akwai haɗaba, hanyar mai huɗuba wanda ke jawo hankalin jama'a. Sa'an nan akwai waƙa, wadda ke zana abu a zuciya har mutum ya so shi ko ya ƙi shi. Gaskiya ɗaya, misali cewa zalunci yana rushe gari, masani yana iya tabbatar da ita da hujja, liman ya faɗe ta a kan mumbari, mawaƙi ya rera ta, kowa ya kai ta ga irin mutanensa. Aikin ɗalibi shi ne ya san da wace hanya aka zo masa, don kada ya ɗauki daɗin baki a matsayin hujja.

LISSAFA ILMOMI

Littafinsa da ya fi bayyana wannan manufa shi ne Ihsa'ul Ulum, watau ƙididdigar ilmomi. Ɗan ƙaramin littafi ne mai babi biyar. Babi na farko ilmin harshe, domin da shi ake shiga kowane karatu. Na biyu manɗiƙi da sassansa takwas, inda ya nuna burhani shi ne abin nufi, sassa uku da suka gabace shi share fage ne, huɗu da suka biyo baya kuwa masu taimako ne da gadi. Na uku ilmomin lissafi guda bakwai: hisabi, handasa, ilmin gani da haske, ilmin taurari, ilmin sauti da kiɗa, ilmin nauye-nauye, da ilmin dabarun ƙere-ƙere. Na huɗu ilmin ɗabi'ar halittu da ilmin Ilahiyya. Na biyar ilmin tafiyar da al'umma, tare da Fiƙihu da ilmin Kalamu.

Ba jeri kawai ya yi ba. A kowane fanni ya faɗi abin da fannin yake bincike a kai, da rassansa, da amfaninsa. Ya kuma ambaci dalilin rubuta littafin: don mai neman ilmi ya san abin da zai samu kafin ya shiga, don a iya gwada fanni da fanni, kuma don a gane mai da'awar sanin abin da bai sani ba, a tambaye shi sassan fannin a ga ko zai iya kawo su. Wannan dalili na ƙarshe har gobe muna bukatarsa.

Littafin ya yi tafiya mai nisa. A ƙarni na 12 na Miladiyya aka juya shi zuwa Latinanci a birnin Ɗulaiɗila na ƙasar Andalus, wanda Turawa ke kira Toledo. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Jerad mutumin Kiremona, wanda ya mutu a 1187. Ta wannan hanya malaman Turai suka san Alfarabi, suka kuma yi amfani da tsarinsa wajen rarraba fannonin karatu.

Ya kamata a lura da cewa Alfarabi bai tsaya ga tunani kurum ba. Babban littafinsa na ilmin sauti, Kitabul Musiƙal Kabir, wanda ya rubuta domin Waziri Abu Ja'afar Alkarhi, yana cikin mafi girman abin da aka rubuta da Larabci a wannan fanni, kuma a ciki ya nace cewa lissafin tsirkiya ba ya wadatarwa sai kunne ya shaida. Haka kuma ya rubuta wata risala inda ya rarrabe tsakanin ilmin falaki na gaskiya, wanda ake lissafa tafiyar rana da wata da shi, da duban taurari na masu cewa sun san abin da zai sami mutum gobe. Ya nuna na biyun zato ne da dacen sa'a, ba ya tsayuwa a kan ma'auni.

SIFFA ƊAYA A WURI UKU

Jera ilmomi bai ishe shi ba. Yana son ya nuna cewa halitta kanta a kan tsari ɗaya take. Wannan shi ne abin da ya yi a littafinsa na Ra'ayoyin Mutanen Birni Nagari, wanda aka fi sani da Almadinatul Fadila. Ya fara shi a Bagadaza a shekara ta 330 bayan Hijira, ya kammala a Dimashƙa a 331, watau 942 zuwa 943 na Miladiyya.

Ƙa'idar tasa mai sauƙi ce. Ko'ina ka duba za ka ga shugaba ɗaya a sama, sai matakai a ƙarƙashinsa, kowane mataki yana karɓa daga na samansa yana bai wa na ƙasansa, har a kai ga na ƙarshe wanda ke hidima ba a yi masa. A cikin samuwa baki ɗaya, na sama shi ne Sababi na Farko, watau Allah. A jikin mutum, zuciya ce shugaba, ƙwaƙwalwa na bi mata, sauran gaɓoɓi na biye. A cikin gari kuwa shugaba nagari ne, sai masu ilmi da masu magana da masu lissafi da mayaƙa da masu neman dukiya. Saboda haka wanda ya fahimci ɗaya ya sami mabuɗin sauran, kuma ilmin falaki da ilmin jiki da ilmin mulki sun zama babi uku na littafi guda. Manufar dukkansu kuma ɗaya ce, ita ce sa'ada, watau cikar ran ɗan Adam da dacewarsa.

A wannan littafi akwai abubuwan da kowane mai mulki ya kamata ya ji. Ya lissafa halaye 12 da ake so ga shugaba, cikinsu akwai lafiyar jiki, da kaifin fahimta, da ƙarfin hadda, da fasahar harshe, da son ilmi, da ƙin haɗama a ci da sha, da son gaskiya da ƙin maƙaryata, da raina dirhami da dinari, da son adalci, da ƙarfin zuciya wajen zartar da abin da ya dace. Ya kuma siffanta garuruwan jahilci, ya ce akwai wanda mutanensa ba su da buri sai abin sawa a baki, akwai na masu tara dukiya, akwai na masu bin daɗi, akwai na masu neman girma da kirari, akwai na masu son danne wasu, akwai kuma wanda kowa ke yin abin da ya ga dama. Mai karatu ya duba garinsa ya ga inda ya faɗa.

To, amma a nan ne kuma ƙafarsa ta zame. Da ya zo bayanin yadda halitta ta samu, sai ya ɗauko ra'ayin wasu Yunanawa na cewa samuwa kwararowa take yi daga Sababi na Farko, kamar yadda haske ke fita daga rana. Ya ce daga Na Farko hankali na farko ya kwararo, daga shi wani hankalin da wani falaki, haka har hankula goma da falakai tara: falaki na can ƙoli, da na tabbatattun taurari, da na Zuhalu, da Mushtari, da Mirrihu, da Rana, da Zahara, da Uɗaridu, da Wata. Hankali na goma shi ne mai kula da duniyarmu, kuma ya ce shi ne Ruhul Amin. Daga nan ya tafi a kan cewa masanin falsafa da Annabi daga wannan mafari guda suke karɓa, sai dai Annabi yana da ƙarfin surantawa wanda yake mayar da gaskiyar zuwa misalai da jama'a za su gane. Da wannan ya so ya ɗaure wahayi da falsafa da igiya ɗaya. Malaman Sunna ba su karɓi wannan ba, kuma suna da hujja. Allah ya halicci duniya da nufinsa da zaɓinsa bayan babu ita, ba kwarara ta tilas ba. Annabci kuma zaɓi ne daga Allah, ba matsayi ne da ake kai wa da ƙarfin tunani ko na surantawa ba.

Akwai wani abin lura kuma. A cikin littafin da aka jingina masa na daidaita ra'ayin Aflatun da na Aristo, an kafa hujja da wani littafi mai suna Usulujiya wanda mutanen lokacin suka ɗauka na Aristo ne. Bincike ya tabbatar daga baya cewa an tsamo shi ne daga rubuce-rubucen Aflutin, wani masani da ya zo fiye da shekara 500 bayan Aristo. Ashe wani ɓangare na haɗin kan da aka gani tsakanin malaman biyu, kuskuren sunan mawallafi ne ya haife shi.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Sa'ad da Alfarabi yake rubuta siffar birni nagari, birnin da yake zaune a ciki rushewa yake yi. An kashe Halifa Muƙtadir a shekarar 932. Daga 936 iko ya koma hannun shugabannin sojoji, suna ta tumɓuke juna, ga tsadar abinci, ga rashin aminci. A 942, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya bar Bagadaza ya nufi Sham. Bayan shekara uku Buwaihawa suka shiga birnin suka mayar da Halifa ɗan kallo.

A Sham ya sami karɓuwa wurin Sarki Saifud Daula Alhamdani, wanda ya kama Halab a 944, wanda kuma fadarsa ta tara mawaƙa irin su Mutanabbi da Abu Firas. Masu tarihi sun ce duk da girman da sarki yake ba shi, Alfarabi bai yarda ya karɓi fiye da dirhami 4 a rana ba, gwargwadon abin da zai ci. Sun siffanta shi da son kaɗaici, ba ya damuwa da tufafi ko muhalli, galibi ana samunsa a bakin ruwa ko a inuwar lambu yana rubutu. An kuma rawaito cewa ya taɓa yin gadin wani lambu a Dimashƙa, yana karatu da dare da hasken fitilar masu gadi. Akwai hikayoyin da aka ƙara masa, kamar cewa yana jin harshe saba'in, ko cewa ya kaɗa wani abin kiɗa a fada ya sa mutane dariya, ya sake kaɗawa suka yi kuka, ya sake suka yi barci ya fice. Waɗannan sun fito ne daga marubutan da suka zo shekara 300 bayansa, sun fi kama da adon labari.

Ya ziyarci Masar a shekara ta 337 bayan Hijira, ya komo Sham. Ya rasu a Dimashƙa a watan Rajab na shekara ta 339, daidai da ƙarshen 950, yana da kimanin shekara 80. Saifud Daula da kansa ya yi masa salla tare da 'yan mutane kaɗan daga fadawansa, aka rufe shi a wajen ƙofar da ake kira Babus Sagir.

ABIN DA MALAMAI SUKA YI DA GADONSA

Ibn Sina, wanda aka haifa shekara 30 bayan rasuwar Alfarabi, ya ba da labarin cewa ya karanta littafin Aristo na Ilahiyya sau 40 har ya haddace shi, bai gane inda ya dosa ba. Wata rana a kasuwar littattafai ta Buhara wani dillali ya matsa masa ya sayi wani ɗan littafi a kan dirhami 3. Da ya buɗe sai ya ga na Alfarabi ne, yana bayanin manufofin wancan littafi. Nan take abin ya warware masa, kashegari ya yi sadaka mai yawa don godiya ga Allah.

Imamu Gazali, wanda ya rayu daga 1058 zuwa 1111, shi ne ya zauna ya tace wannan gado. A littafinsa Tahafutul Falasifa, wanda ya gama a 1095, ya ambaci Alfarabi da Ibn Sina da sunansu, ya bi mas'aloli 20 ɗaya bayan ɗaya. Ya hukunta 17 a matsayin bidi'a, 3 kuwa ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa filla-filla ba, da musun tashin jikkuna ranar ƙiyama. Babbar hujjarsa ita ce, masana falsafa sun sa sharuɗɗa masu tsanani ga burhani, amma da suka zo Ilahiyya ba su cika sharuɗɗan nan ba. Watau da ma'aunin Alfarabi ya auna ginin Alfarabi. Amma bai zubar da ma'aunin ba. Ya rubuta littattafai a manɗiƙi, ya kuma sa gabatarwar manɗiƙi a farkon Almustasfa, littafinsa na Usulul Fiƙhi. Ya kuma gargaɗi masu musun lissafin kusufin rana da wata da sunan kare addini, ya ce cutar da suke yi wa addini ta fi ta maƙiyansa. Ibn Haldun daga baya ya kawo misali mai kyau, ya ce hankali sikeli ne na gaskiya, amma mai son ya auna al'amarin Annabci da Lahira da shi kamar wanda ya ga sikelin zinariya ne ya yi kwaɗayin auna duwatsu.

Wannan muhawara ta iso har ƙasarmu. Shaihu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya wallafa littafi a manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda yake ganin haramcin fannin, shi kuwa Almagili yana kare shi. Ahmad Baba na Tambutu ya adana labarin. Haka nan Shaihu Abdurrahman Al'ahdari, mai littafin Ahalari da yaranmu ke fara Fiƙihu da shi, shi ne mai Sullamu, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zaurukanmu. A ciki ya kawo saɓanin malamai, ya rinjayar da halaccin fannin ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Duk ɗalibin da ya ɗauki Sullamu, ko ya sani ko bai sani ba, yana cin wani abu daga wahalar Alfarabi.

DARASI

Falakai taran nan zamani ya rushe su. Bayan Kofanikas ya fitar da littafinsa a 1543, da abin da Galiliyo ya gani da madubin hangen nesa a 1610, an tabbatar ƙasa ce ke kewaya rana. An kuma gano wasu duniyoyi a bayan Zuhalu, ɗaya a 1781, ɗaya a 1846, waɗanda ba su da gurbi a lissafinsa. Likitoci sun tabbatar da cewa tunani da sarrafa gaɓoɓi aikin ƙwaƙwalwa ne. Amma ƙishirwar da ta dame shi ba ta gushe ba. Niyuton a 1687 ya nuna doka ɗaya ce ke jawo dutse ƙasa take kuma riƙe wata a tafarkinsa. Ainistain ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana neman ƙa'idar da za ta haɗa ƙarfafan halitta, ya mutu a 1955 bai same ta ba. A 1979 aka ba masana uku, cikinsu har da Abdus Salam ɗan Pakistan, kyautar Nobel saboda sun haɗa biyu daga ƙarfafan nan huɗu. Har yanzu ba a sami ƙa'idar da aka tabbatar ta haɗa su duka ba, balle wadda za ta haɗa su da Fiƙihu da Tarihi da halin ɗan Adam.

Abin da za mu ɗauka daga rayuwar Alfarabi shi ne, neman tsari a cikin halitta abu ne mai kyau, domin wanda ya yi imani da Mahalicci ɗaya ba zai ɗauka duniya a hargitse take ba. Ya kamata ɗalibin zaure da ɗalibin jami'a su daina kallon juna a matsayin baƙi. Haɗarin yana zuwa ne sa'ad da ƙa'ida ta yi wa mai ita kyau har ya fara datse gaskiya don ta shiga cikinta. Muna ganin irin wannan a yau ga masu cewa kimiyya ta amsa kowace tambaya, da masu mayar da kowane al'amari ga tattalin arziki, da masu lanƙwasa ayoyin Alƙur'ani don su dace da duk wani sabon ra'ayin da aka ji a rediyo, alhali ra'ayin yana iya sauyawa gobe kamar yadda falakai tara suka sauya. Kowane fanni yana da hanyar da ake tabbatar da shi. Na lissafi da hujja, na ɗabi'a da gwaji, na tarihi da ingancin ruwaya, na gaibu kuwa da wahayi. Alƙur'ani mai girma ya riga ya sanar da mu a Suratul Isra'i cewa abin da aka ba mu na ilmi kaɗan ne.

Game da makomar Abu Nasri, malamai sun yi hukunci a kan maganganun da suka gani a rubuce, abin da ya cika a kansa kuwa yana ga Allah. Mu dai mu ɗauki himmarsa da gudun duniyarsa da ma'auninsa, mu bar inda ya zame. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya tsare mu daga ruɗin hankulanmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.